Kafin ka saya wa tsohuwar akori-kura sabon kafireto



Yau za mu ɗan ajiye waya mu leƙa cikin bonet. Na san wani zai ce me ya haɗa mai gyaran waya da kafireto. To ai tambayar ɗaya ce. Wanda sikirin ɗin wayarsa ya fashe yakan tsaya a gabana ya ce: in sa orijinal, in sa na hannu, ko in sa kwafi? Mai akori-kura ma da zarar mota ta fara shan mai tana baƙin hayaƙi, abin da zai tambayi bakanike ke nan. Sannan a cikinku akwai direbobi, akwai 'ya'yan direbobi da yaran mota, waɗanda su ake miƙa wa waya a ce "kai, duba mana a intanet, nawa ne sabo?" Daga nan ake fara tafka asara, domin wanda ya fi ƙyalli a hoto shi ake tura wa kuɗi.

Ra'ayina kai tsaye shi ne, idan motar nan ita ke ciyar da gida, kullum tana hanya da buhuna daga Dawanau ko kwandunan tumatir zuwa 'Yankaba, kafireton da ya fi dacewa da ita shi ne wanda kamfani ya ɗaura mata tun farko, ko ɗan uwansa sak. Duk wani abu da za ka ɗora a wurinsa sai ya kawo hujja mai ƙarfi kafin ka yarda da shi.

Motocin da nake magana a kansu kun san su. Akwai Toyota Hilux mai injin 22R, lita 2.4, wanda aka fara yi a 1981. Akwai masu 2Y da 3Y da 4Y, wato lita 1.8, 2.0 da 2.2. Waɗannan galibi kafireton Aisan ne a kansu, wani kamfanin Japan mai yi wa Toyota kaya. A lura, Aisan daban, Aisin daban, harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma idan ka rubuta ba daidai ba a wurin bincike wasu kaya daban za su fito maka. Akwai Peugeot 504, Fijonmu ta gado, wadda aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, ita kuma Solex na Faransa aka fi saninta da shi. Tsofaffin Datsun da Nissan kuwa yawanci Hitachi ne ko Nikki.

Aikin kafireto ba shi da wuyar ganewa. Ka tuna tsohon famfon feshin maganin sauro, wanda ake tura masa hannu? Iska ta wuce da gudu ta bakin siririn bututu, sai ta zuƙo maganin daga gwangwani ta watsa shi. To haka yake. Inji na zuƙar iska, iskar ta bi ta wani maƙogwaro mai ƙunci, gudunta ya ƙaru, sai ta janyo fetur daga wani ɗan kwano da ke gefe ta cikin ƙananan ramukan da kanikawa ke kira jet. A cikin kwanon akwai fulot, ɗan abu mai iyo a kan mai, da allurar da ke toshe hanya idan kwanon ya cika, kamar dai na tankin ruwa. Abin da ake nema shi ne kusan kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. Mai ya yi yawa, kuɗinka ya fita ta salansa. Ya yi kaɗan, inji ya ɗau zafi, bawul su ƙone. Babu wata kwamfuta a nan da za ta gyara lissafi kamar a motocin injekta. Girman ramin da aka huda shi ne lissafin, kuma kamfani ya huda shi ne daidai da wancan injin.

A da, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, mutum zai iya yin shekara da kafireto mai zubar da mai bai damu ba. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai zancen ya sauya, lita ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Ka buɗe kalkuleta a wayarka mu yi misali tare. A ce motarka tana yin kilomita 80 a rana. Idan lita ɗaya tana kai ta kilomita 8, lita 10 za ta sha. Idan aka ɗaura mata kafireton da bai dace ba ta koma kilomita 6 a lita, za ta sha lita 13 da ɗoriya. A ce lita naira 900 ce, bambancin ya kai naira 3,000 a rana. Kwana 26 na aiki, naira 78,000 ke nan a wata. Wannan kuɗin ba za ka ga fitarsa a dunƙule ba, kullum da yamma ne kawai za ka ga abin da ya rage a aljihu bai kai yadda ka saba ba. Shi ya sa farashin da ke jikin kwali shi ne ƙaramin abu a wannan cinikin.

Amma kafin a zo maganar wanne za a saya, ka tabbata ma kafireton ne ke da laifi? A sana'armu sau nawa mutum zai zo ya ce batirinsa ya mutu, a duba a ga bakin caji ne ya cika da datti. A mota ma haka ne, kafireto shi ne mai shan zargi saboda shi ke zaune a sama, kowa na ganinsa. Fulogi ya gaji, wayoyin fulogi suna zubar da wuta, tayimin ya goce, filtar mai ta toshe, famfon mai ya yi sanyi, tanki ya yi tsatsa yana turo gari, matatar iska ta cika da ƙurar hunturu, duk waɗannan suna sa mota tari da shan mai da mutuwa a kan hanya. Ka sa sabon kafireto a kan wannan, matsalar tana nan, kuɗin ne kawai ya tafi.

Fulogi ba ya ƙarya, don haka a fara da shi. A kwance su bayan an yi tafiya mai ɗan nisa a duba bakinsu. Baƙi ƙirin a bushe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. Fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan ko iska tana shiga ta inda bai kamata ba. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Idan kuwa baƙi ne mai maiƙo, to wannan baƙin mai ne inji ke ci, maganar ringi ce ko robobin bawul, kuma ko kafireton zinare ka sa ba zai hana shi hayaƙi ba. Idan ka ga haka, a auna ƙarfin matsin kowace silinda tukuna kafin a taɓa komai.

Akwai wasu ƙananan abubuwa guda biyu a jikin Aisan da ke sa a yar da lafiyayyen kafireto. Na farko wani ɗan makulli ne mai aiki da wuta, da waya ɗaya ko biyu a jikinsa, aikinsa ya yanke mai idan ka kashe mota. Idan wayarsa ta tsinke ko shi ya mutu, mota za ta tashi amma da ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu, ba ta yin silo ko kaɗan. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo: a kunna makulli, a cire wayar a mayar, za ka ji yana ƙas-ƙas idan yana da rai. Na biyu, wasu 22R suna da ƙarin ɗan famfo mai roba a ciki, da siririn tiyon iska a jikinsa. Robar ta fashe, sai fetur ya bi tiyon ya zarce cikin inji. Ka zare tiyon, idan ka ga danshin fetur a ciki ka kama ɓarawon. Sannan Aisan na 22R yana da ɗan gilashi a gefen kwanon mai, kana leƙawa za ka ga inda mai ya tsaya. A tsakiya ya kamata ya kasance.

Bari in faɗi wata magana da wasu kanikawa ba za su so ba, da girmamawa, don akwai iyayenmu a cikinsu. Dabarar nan ta cusa silin waya a cikin jet, ko a ɗan bubbuge bakinsa wai don a rage shan mai, ɓarna ce. Haka tsokale jet da allura ko waya idan ya toshe. Jet tagulla ne mai laushi, ramin an auna shi ne da abin da bai kai milimita ba, lambar girmansa ma a rubuce take a jikinsa. Ka tsokale shi sau biyu ya buɗe, ka bubbuge shi ya matse, daga nan babu wanda ya san me yake bayarwa. Da yawa daga cikin kafiretocin da ake ce wa "ya gaji" ba gajiya suka yi ba, hannu ne ya yi musu yawa. Maganin feshi na wanke kafireto da iska mai ƙarfi sun isa.

To yaushe ne za a ce da gaske ya mutu? Wurin da na fi so a duba shi ne sandar da faifan totur ke juyawa a kai. Shekara talatin ko arba'in ana taka totur ana saki, ramin da sandar ke ciki yakan cinye. Ka kama ta da hannu mota a kashe, ka girgiza sama da ƙasa. Idan tana rawa sosai, iska na shiga ta nan, kuma bakanike zai wuni yana juya sukurun silo, yau daidai gobe ta goce. Sabbin robobi da gasket ba sa maganin wannan, sai dai a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya sa masa sabon zobe, idan ka samu wanda ya iya. Sauran alamomin su ne jiki ya tsage, gindinsa ya karkace saboda ɗaurin ganganci, ko zaren sukurori sun cinye har an koma ɗaure shi da waya da gam. Wanda ya kai nan, to a nemi wani.

Idan bai kai nan ba, ni dai gyara na zaɓa. A sayi kit ɗinsa, wato gasket, allura da mazauninta, da robar famfon totur, a kwance shi a wanke, a daidaita tsayin fulot. Na san abin da za a ce mini: kit ɗin da ke kasuwa ma ai jabu ne ya fi yawa, kuma masu iya kafireto na gaske sun yi ƙaranci, yaran gareji na yanzu injekta da na'urar gwaji suka sani. Gaskiya ne, duka biyun. Amma ka duba, ko da kit ɗin ba na ainihi ba ne, abin da ka sa na jabu roba ce da takarda da allura, jikin kafireton da hanyoyin mai na ciki suna nan yadda kamfani ya yi su. A kwafi kuwa komai da komai ne ba ka san asalinsa ba. Abu ɗaya zan roƙa: jet ɗin da suka zo a cikin kit kada a sa su matuƙar na ainihin suna da lafiya. Shi kuma tsohon bakaniken da ya iya, a neme shi ko a wata unguwa yake, a biya shi da daraja. Wuni guda ne.

Na hannu, wanda aka ciro daga injin da ya shigo daga waje, shi ne zaɓi na biyu a wurina. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas ana samunsu, sai dai a je da ido a buɗe. Ka tafi da tsohon naka a leda, ku ajiye su gefe da gefe. Ramukan ƙusoshin gindi su zo daidai, inda wayar totur ke kamawa ya zama gefe ɗaya, bakin da matatar iska ke zama ya zama ɗaya. Ka girgiza sandar totur kamar yadda na faɗa, don wani na hannun ya fi naka gajiya, wanka kawai aka yi masa. Ka ƙirga bakunan tiyo. 22R da aka yi wa kasuwar Amurka yana da tiyoyin iska rututu saboda dokar hayaƙi ta can, wanda aka yi wa ƙasashe irin namu bai kai shi tarkace ba. Idan ka ɗauko na Amurka ka ɗora a motar da ba ta da waɗancan na'urorin, duk bakin da aka bari a buɗe ƙofar iska ce, kuma ba kowanne ake toshewa a zauna lafiya ba. Ka kuma yi sharaɗi da mai kaya tun kafin ka biya, idan bai yi ba za ka dawo da shi.

Yanzu ga kwafi, sabo dal a kwali, babu sunan kamfani ko kuma an buga sunan da ba nasa ba. Ba zan ce duk na China banza ne ba, ni da nake cin abinci da kayan China. A Farm Centre kowa ya san sikirin hawa-hawa ne, akwai wanda mai waya ba zai taɓa gane an canja ba, akwai wanda kwana uku taɓawa ta fara gardama. Matsalar kafireto ita ce ba ka iya gwada shi a kan tebur kafin ka biya, kuma guda biyu daga kwali iri ɗaya suna iya bambanta. Sau da yawa kafireto ɗaya ake sayar wa masu 1Y da 2Y da 3Y da 4Y gaba ɗaya, a ce duk yana hawa. Hawa kam zai hau, ƙusoshi za su shiga. Amma ta yaya jet ɗaya zai yi daidai da injin lita 1.6 da na lita 2.2 a lokaci guda?

Idan aljihu ya tilasta, ko mota ta kwanta alhali akwai lodi gobe, a sa shi, ba haramun ba ne. Sai dai kada a ɗaura shi daga kwali kai tsaye. A buɗe saman a duba ko akwai garin ƙarfe a kwanon mai, a auna fulot, a ɗaure sukurori. Idan zaren ya zo ɗaya, a ciro jet ɗin tsohon a mayar a cikin sabon, wannan kaɗai yana gyara abubuwa da yawa. Masu saye a intanet kuma ga wani tarko: injin 4Y ba a mota kaɗai yake ba, Toyota na sa shi a injinan ɗaga kaya na sito da kamfanoni. Ka rubuta 4Y a wurin bincike, da yawa daga abin da zai fito na waɗancan ne, kuma tsarinsu daban ne da na mota. Ka duba hoto da kyau kafin ka tura kuɗi.

Sai kuma wanda matasa suka fi tambaya, saboda bidiyoyin YouTube: Weber. Za ka ga Bature ya cire Aisan ya jefar, ya ɗaura Weber mai ƙyalli a kan 22R, mota tana ruri. Weber kamfani ne mai tarihi, a garin Bologna na Italiya ya fara tun 1923, daga baya aikin ya koma Sifen. Samfurin da aka fi sa wa irin waɗannan motoci shi ne 32/36, wato maƙogwaro biyu, na farko milimita 32, na biyu 36. A tafiyar yau da kullum na farkon ne kaɗai ke aiki, sai ka taka totur sosai na biyun ya buɗe. Tsari ne mai kyau, kuma Aisan ɗin da ke motarka ma haka yake aiki, ƙaramin maƙogwaro na zirga-zirga, babba na hawan tudu da lodi. Akwai kuma 38/38, wanda duka biyun ke buɗewa tare. Wannan na masu neman gudu ne, mai ɗaukar buhun masara ba abin da zai tsinta a ciki sai yawan zuwa gidan mai.

Mutane suna ɗauka babban kafireto shi ne ƙarfi. Mu koma kan kalkuleta. Inji irin na mota yana zuƙar rabin girmansa a kowane juyi. Injin lita 2.4 a juyi 3,000 a minti, iskar da zai iya ja ba ta wuce lita 3,600 a minti ba, kuma a zahiri ma ba ya cika kaiwa. Iyakarsa ke nan, ko ƙofar gari ka buɗe masa ba zai ja fiye da cikinsa ba. Abin da zai faru idan maƙogwaro ya yi faɗi shi ne iskar ta rage gudu, kamar ka cire yatsa daga bakin tiyon ban ruwa. Iska mara gudu ba ta janyo mai da kyau, ba ta kuma farfasa shi ya zama feshi. Sai ka taka totur daga tsaye da lodi mota ta yi kamar za ta shaƙe, a ƙara girman jet don a rufe wannan, shan mai ya ƙaru. Mota mai aiki ƙarfin tashi daga ƙasa take buƙata, a giya ɗaya da biyu, kuma ƙaramin maƙogwaro ne ke ba da shi.

Ko 32/36 ɗin ma ba ɗaurawa kawai ake yi a tafi ba. Sai an sa faranti a tsakaninsa da manifol domin ramukan ba ɗaya ba ne, kuma nan wata sabuwar hanyar shigar iska ce idan ba a zaunar da shi daidai ba. Ba ya son matsin mai mai yawa, wajen psi 3 yake so, don haka sau da yawa sai an ƙara masa abin rage matsi, in ba haka ba ya riƙa ambaliya. Sai an gyara inda wayar totur ke kamawa. Sai an samu mai jet iri-iri da haƙurin gwadawa. Uwa uba, Weber na daga cikin kafiretocin da aka fi kwaikwaya a duniya, mafi yawan masu arha da za ka gani a intanet siffar ce kawai. Wanda ya samu na ainihi, ya samu gwanin da zai saita masa, kuma Aisan ɗinsa ya mutu murus, ba zan hana shi ba. Amma idan ya lalace maka a kasuwar ƙauye ranar Laraba da yamma, wa ke da kayansa a nan kusa?

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi ma matatar iska ce. Irin waɗannan suna zuwa da wata 'yar ƙaramar matata mai ƙyalli, buɗaɗɗiya ta kowane gefe, kuma babban gwangwanin matatar motarka ba zai zauna a kansa ba sai an yi dabara. A ƙasar da ba ƙura wannan ba komai ba ne. A nan kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a hanyar da ba kwalta, bayan tirela, me kake tsammani? Ƙurar da ta wuce matata ringi da silinda take ci. Duk kafireton da zai raba ka da matatar iska ta ainihi, ka lissafa da kuɗin sauke inji a cikin farashinsa.

Maganar cok a taƙaice. Mu nan sai da sanyin safiyar hunturu muke tuna da shi, don haka na hannu, mai wayar ja, ya fi kwanciyar hankali. Mai aiki da lantarki idan ba a haɗa masa wuta ba zai zauna a rufe, mota ta yi ta shan mai ba a san dalili ba. Mai aiki da zafin ruwan lagireto kuma yana jinkirin buɗewa a motar da aka cire wa tamostat, abin da kusan ya zama al'ada a garejojinmu. Wanda ke zaune a Jos, mita 1,200 da wani abu sama da teku, ya sani iskar can ta fi ta Legas ko Kano sauƙi, saitin da aka yi a ƙasa zai ɗan yi masa yawan mai, gara a saita a inda motar ke aiki.

Wayar da ke hannunka tana da aiki a duk wannan. Kafin a zare tiyo ko ɗaya, ka ɗauki hoto ta kowane gefe da fitila a kunne, ka yi ɗan bidiyo kana bin kowane tiyo da yatsa daga inda ya fito zuwa inda ya shiga, musamman wanda ke zuwa distiributa. Wannan idan aka manta shi ko aka sa shi a bakin da ba nasa ba, mota za ta yi nauyi ta ƙara shan mai, a ce sabon kafireto ne bai yi ba. Ka ɗauki hoton lambar inji da ke jikin bulok, kada ka dogara da takardun mota, don yawancin motocin nan an sauya musu inji ba sau ɗaya ba. Idan akwai lamba a jikin kafireton ko ɗan ƙarfen da aka maƙala masa, da ita za ka yi bincike, ta fi sunan mota amfani. Mai kaya kuma ya turo maka hoton ainihin wanda ke shagonsa ta WhatsApp, har da gindinsa, kada ya turo na intanet.

Sannan ka auna shan mai kafin a taɓa motar, ka sake aunawa bayan an gama. Ka cika tanki fal, ka yi aikinka, ka dawo ka sake cikawa fal, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Na san mitar yawancin motocin nan ta daɗe da mutuwa, to akwai manhajojin auna tafiya da GPS kyauta, Google Maps ma zai ba ka nisan hanya. Ka rubuta a waya. "Ina jin kamar ta rage sha" ba awo ba ne, kuma da lamba a hannu ne za ka iya komawa wurin bakanike ku yi magana ta fahimta.

Ranar ɗaurawa a sa sabuwar filtar mai, ko wane iri ka zaɓa. Idan tanki na da tsatsa a sauke shi a wanke, in ba haka ba garin da ya kashe na farko zai kashe na biyu cikin mako. Masu shan man bumburutu a galan su ƙara kula, kuma ba mu manta da gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 mai yawan sinadarin methanol ba, irin wannan robobin cikin kafireto yake fara ci. A sa sabon gasket a gindi, a ɗaure notuna a hankali ana zagayawa, kada a danne ɗaya a bar sauran. A saita tayimin tukuna, inji ya yi zafi, sannan a taɓa sukurun silo. Bayan an tayar, a tsaya a duba ko akwai ɗigon mai ko ɗaya, musamman a 3Y da 4Y inda kafireto ke zaune a saman bututun hayaƙi. Kwana uku na farko, duk inda ka tsaya ka buɗe bonet ka shinshina.

Tsohon naka kuma kada ka bar shi a gareji, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Ka zubar da man ciki, ka naɗe shi a leda ka ajiye a gida. Jet ɗinsa, fulot ɗinsa, ɗan makullin wuta da ƙarafan totur duk na ainihi ne, kuma ranar da wani abu ya karye a sabon, a jikinsa za ka ciro.